Lilo a rufe ranar da aka zo hawa: amsa ga wata uwa daga Mabera

Tambaya: Wata baiwar Allah daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ta rubuto cewa ita da maigidanta suna tara kuɗi domin su kai 'ya'yansu uku, masu shekara 12 da 8 da 5, Abu Dhabi da Dubai a hutun ƙarshen shekara. Babban yaron ya ƙwallafa rai a kan jirgin wasan nan mai tsananin gudu da ake kira Formula Rossa, wanda yake yawan kallo a YouTube. Ta ce da ƙaramar sallar bara sun kai yaran wani wurin wasa a Abuja, suka biya kuɗin ƙofa, sai suka tarar an kewaye babban lilon da igiya wai ana gyara, aka dawo da yara mota suna kuka. Tana son ta san ko mutum zai iya gane abin da za a rufe tun kafin ya fitar da kuɗinsa, da kuma lokacin da ya fi dacewa a je.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Na yi shekaru ina aikin kula da injinan irin waɗannan wurare a ƙasashen Larabawa kafin in dawo gida, saboda haka ina cikin masu ɗaura igiyar da ta sa yaranki kuka, kuma daga bayan igiyar zan ba ki amsa. Akwai rufewar da aka tsara tun watanni kafin ranarta, wadda za ki iya saninta kina zaune a ɗakinki, akwai kuma wadda ko injiniyan da ya kwana a wurin bai san da zuwanta ba. Ta farko ana maganinta da tambaya kafin a biya kuɗi, ta biyu kuwa ba ta da magani sai rarar kwana a cikin tafiyar, kuma yawancin masu dawowa da ɓacin rai ba su yi tanadin ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Bari in fara da abin da baƙo ba ya gani. Tun bayan sallar asuba, sa'o'i kafin a buɗe ƙofa, makanikai suke hawa matakalar da ke gefen layin dogon jirgin hawa-da-gangara, suna bin sa ƙafa da ƙafa da tocila a hannu. Kowane noti mai muhimmanci an ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfen da ya ɗaure, ta yadda idan ya saki ko da kaɗan ne layin zai goce, ido ya gani ba sai an sa sifana ba. Jirgin yana da tayoyi kashi uku a kowane gefe: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana shi zamewa a kwana, da na ƙasa masu riƙe shi kada ya rabu da dogon idan ya kifa ko ya haura tudu da gudu. Ana duba robar kowace taya ko ta tsage ko ta fara ɓarewa, a gwada maƙallan kujeru ɗaya bayan ɗaya, a gwada birki, a saki jirgin babu kowa a ciki ya yi zagaye da yawa, sannan wanda ya yi duban ya sa hannu a takarda. Muddin bai sa hannu ba, ba a buɗewa, ko da layin masu jira ya kai bakin titi.

Wannan duban kullum ke nan, kuma ba ya hana kowa wasa. Abin da yake jawo rufewar makonni shi ne garambawul na shekara-shekara, kuma duk wanda ya taɓa kai mota gareji aka sauke inji ya san abin da kalmar take nufi. Ana ɗaga jirgin daga kan dogo a kai shi shago, a warware shi har ya koma tarin ƙarafa a kan tebura, a wanke giris, a canza boris da tayoyi, sannan a shiga neman tsagar da ido ba ya gani. Ƙarfe yana gajiya, kamar yadda waya take karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa, kuma jirgin da yake ɗaukar mutane yana juyi da su ɗaruruwan sau a yini gajiyar tana taruwa a wuraren walda da ƙarafan da tayoyi suke juyawa a kansu. Ɗaya daga cikin hanyoyin bincike ita ce a sa wa ƙarfen maganaɗisu, a fesa masa ruwa mai garin ƙarfe, a kashe fitilu a haska shi da wata fitila ta musamman. Idan akwai tsaga, ko da ba ta kai kaurin gashin kai ba, garin zai taru a bakinta ya yi koren layi mai ƙyalli. Wata hanyar da sauti ake yin ta, irin hoton cikin da ake yi wa mai juna biyu a asibiti, domin a leƙa tsakiyar ƙarfe mai kauri. Kamfanin da ya ƙera lilon ne yake rubuta lokacin da za a yi kowane ɗaya daga cikin waɗannan, masu inshora da masu bincike na waje kuma ba sa yarda a tsallake. Wurin da yake da jirage biyu ko uku a kan dogo ɗaya yana iya cire ɗaya ya bar saura suna aiki, sai dai layi ya ƙara tsawo, amma idan aikin ya shafi dogon kansa, ko sarƙar da take jan jirgi zuwa sama, ko injin da yake harba shi, babu makawa sai an rufe.

Wata shekara, kwana huɗu kafin babbar sallah, muka ga irin wannan koren layi a jikin ƙarfen wata taya, tsawonsa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Muka duba sauran muka samu guda biyu, saboda haka muka hana jirgin fita, kayan gyaran kuwa sai da suka yi mako uku kafin su iso. Ranar sallah ina tsaye kusa da igiya wani magidanci ya zo da 'yan matansa biyu, sun sha lalle da sababbin kaya, ya nuna jirgin da yake ƙyalli a rana ya ce mini ai ga shi nan lafiya lau, me ya hana mu kunna. A ido gaskiyarsa ce, kuma ba ni da abin da zan nuna masa. Har yau ban yi nadamar rufewar ba, amma mun yi masa laifi guda: ofishinmu bai sa sanarwa a intanet ba sai washegarin sallah, alhali mun san matsalar tun kwana huɗu. Shi ya sa nake cewa kada ki dogara da sanarwa kaɗai, ki haɗa da tambaya.

Batun lokaci kuwa, wuraren da ke ƙasashe masu tsananin sanyi sun huta da wannan matsala, domin rufewa suke yi gaba ɗaya su yi gyaransu a tsanake. Wurin wasa na Alton Towers da ke Ingila yakan buɗe manyan jiragensa ne daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Amma wuraren da suke buɗe duk shekara, irin na tsibirin Yas a Abu Dhabi, da na Dubai, da na Florida a Amurka, dole ne su riƙa rufe abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma suna zaɓar lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, domin babu mai kasuwar da zai rufe shago ranar kasuwa da gangan. Wannan ya yi miki daidai ta wani ɓangare, tunda ƙarshen Disamba shi ne lokacin cinkoso a Daular Larabawa, yanayi ya yi daɗi, makarantunsu da na Turai suna hutu, saboda haka da wuya a sa garambawul na babban jirgi a makonnin. Abin da za ki biya a madadin haka shi ne tsadar otal da tsawon layi. Bayan sabuwar shekara ne, a Janairu da Fabrairu, gyare-gyare suke yawaita a wurare da dama, musamman wuraren wasan ruwa, waɗanda sanyi yake rage musu masu shiga; Disney ma a Florida ta saba rufe ɗaya daga cikin wuraren ruwanta biyu, Typhoon Lagoon ko Blizzard Beach, a lokacin sanyi. Daga Yuni zuwa Agusta kuma zafin can yana wuce digiri 40, irin namu na bazara amma da gumi mai nauyi saboda teku, sai wuraren da ke fili su yi sanyin kasuwa, Global Village ta Dubai ma rufewa take yi ɗungurungum, ba ta buɗewa sai wajen Oktoba. A watan azumi kuma lokutan buɗewa da rufewa sukan sauya.

Akwai wata rufewar da ta fi garambawul tsawo, kuma ita ce ta fi shafar ɗanki. Shi kansa Formula Rossa, wanda aka buɗe a 2010 tare da Ferrari World, wurin wasan da yake ciki a tsibirin Yas, mai kai gudun kilomita 240 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa biyar har sai an ba masu hawa tabarau na kare ido, ya shafe mafi yawan shekarar 2024 a rufe ana masa aiki, bai dawo ba sai wajen ƙarshenta. Jirgin Nemesis na Alton Towers an rufe shi a Nuwamban 2022, aka sauya mafi yawan dogonsa, aka sake buɗe shi a Maris na 2024. Wani abin ma ba ya dawowa yadda aka san shi: Disney ta rufe Splash Mountain na Florida a Janairun 2023, ta mayar da shi wani abu dabam mai suna Tiana's Bayou Adventure a 2024, Bollywood Parks na Dubai kuma an rufe shi baki ɗaya a 2023, wurin ya koma Real Madrid World. Bidiyon da yaro yake kallo ba ya tsufa a waya, yana nan da sheƙinsa ko da shekara biyar ke nan da ɗaukarsa. Ki zauna da shi ku duba ranar da aka ɗora kowane bidiyo, sannan ku nemi na makonnin nan, domin masu ziyara suna ɗora sababbi kusan kullum, kuma a cikinsu ne ake ganin shinge da allon sanarwa tun kafin wani ya rubuta labarin.

Yadda za ki yi tambayar yana da muhimmanci. Ki fara da shafin intanet na wurin da kansa, ba na dillalan tikiti ba, ki nemi inda suke jera abubuwan da za a rufe domin gyara. Manyan wurare suna da shi, ko dai a ƙarƙashin lokutan buɗewa ko a shafin kowane lilo, kuma manhajarsu ta waya tana nuna abin da yake aiki a wannan sa'ar da tsawon layinsa. Daga nan ki aika musu da imel, da Turanci ko Larabci, ki ambaci sunan lilon da ranakun zuwanku, ki tambaya ko akwai gyaran da aka tsara masa daga mako biyu kafin ranakun zuwa mako guda bayansu. Idan kika tambaya ko wurin yana buɗe kawai, za a ce miki yana buɗe, kuma ba a yi miki ƙarya ba. Dalilin haɗawa da mako biyun baya shi ne ranar da aka rubuta za a sake buɗewa fata ce, ba alkawari ba. Sai an warware inji ake sanin abin da yake ciki, kayan gyaran kuma daga masu ƙerawa a Turai suke zuwa, irin su Intamin da ya ƙera Formula Rossa, da Mack na Jamus, da Vekoma na Holan, da Zamperla na Italiya, bayan an haɗa kuma sai an yi kwanaki ana gwaji da gumakan roba cike da ruwa a kan kujeru kafin mai bincike ya sa hannu. Idan aka ce za a buɗe ranar 20 ga wata ku kuma za ku isa ranar 22, ki ɗauka a ranki cewa bai buɗe ba. Ki maimaita tambayar saura mako guda ku tashi.

Sai tsarin biyan kuɗi, wanda a nan ne na fi ganin mutanenmu suna yin asara. Kusan kowane tikitin shiga yana ɗauke da sharaɗin cewa masu wurin suna iya rufe kowane abu ba tare da sanarwa ba kuma ba za a mayar da kuɗi ba, saboda haka tikitin wurin wasa shi ne abu na ƙarshe da za a saya, duk rangwamen da dillali zai kwaɗaitar da ke da shi. Biza ce farko. Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza a 2022, ba a dawo da ita ba sai a Yulin 2024, kamfanin Emirates ma sai a Oktoban 2024 ya dawo da jigilarsa zuwa Legas, kuma sharuɗɗan suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Bayan biza sai jirgi, sai otal ɗin da yake yarda a soke ba tare da tara ba, sannan tikiti. Ki kuma tuna da abin da duk Basakkwace ya sani: Disamba lokacin hazo ne, kuma yakan hana jirage sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III, wani lokaci yini guda cur. Ku bar kwana ɗaya a Abuja ko Legas tsakanin jirgin gida da na waje, kada kuma ku sayi tikiti mai ƙayyadaddiyar rana wadda ta faɗa washegarin saukarku. A tsibirin Yas akwai Ferrari World, da Warner Bros. World da aka buɗe a 2018, da Yas Waterworld, da SeaWorld da aka buɗe a 2023, duk kusa da juna, kuma ana sayar da tikitin da ya haɗa biyu ko fiye wanda ake amfani da shi cikin 'yan kwanaki. Irin wannan ya fi miki, domin idan kun wayi gari manhaja ta nuna jirgin a rufe, sai ku juya zuwa wani wurin ku dawo masa gobe.

Rufewar ba-zata kuwa kullum ana yin ta, kuma mafi yawanta ba lalacewa ba ce. An kasa dogon jirgi gida-gida, kuma kwamfutar da take kula da shi ba ta yarda jirage biyu su shiga gida ɗaya a lokaci guda. Akwai ƙananan na'urori a gefen dogon masu gane wucewar jirgi, idan guda ɗaya ta yi ƙura ko ta ba da amsar da ta saɓa wa 'yar'uwarta, sai kwamfutar ta tsayar da komai har mutum ya zo ya duba da idonsa. An ƙera birkin ne yadda idan wuta ta ɗauke zai kama, ba zai saki ba. Iska mai ƙarfi tana sa a tsaya, domin tana iya rage wa jirgi gudu ya kasa haura tudu na gaba, haka ma walƙiya da ruwan sama, wayar da ta suɓuce daga aljihun wani ta faɗa kan dogo ma tana tsayar da aiki. Ferrari World a cikin gini yake mai rufi da na'urar sanyaya iska, amma dogon Formula Rossa a waje yake shimfiɗe, saboda haka iskar da ba za ku ji ba a ciki tana iya hana shi tashi. A iya abin da na gani, irin wannan tsayawa takan ɗauki mintuna ne zuwa sa'a guda, wani lokaci ta cinye yinin.

Ina roƙon ki kada ki shiga cikin masu matsa wa ma'aikata su buɗe. Ranar 2 ga Yunin 2015, a Alton Towers, wani jirgin gwaji marar kowa na lilon The Smiler ya tsaya a tsakiyar dogo a ranar da ake iska, kwamfuta ta yi aikinta ta tsayar da na bayansa mai ɗauke da mutum 16, amma injiniyoyi suka ɗauka kuskuren na'ura ne suka sake shi da hannu. Ya je ya daki wancan, 'yan mata biyu kowacce ta rasa ƙafa ɗaya, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. A ƙarshen Yunin 2023 kuma wani uba ne da ya kai 'ya'yansa wurin wasa na Carowinds a Amurka ya hango tsaga a ɗaya daga cikin ginshiƙan dogon jirgin Fury 325 tana buɗewa duk lokacin da jirgi ya wuce, ya ɗauki bidiyo ya kai rahoto, aka rufe jirgin har cikin Agusta bayan an kawo sabon ginshiƙi.

Idan ranar ta zo, ku isa kafin a buɗe ƙofa, ku duba allon da ke bakin shiga, ku nufi abin da ya kawo ku kai tsaye, kada ku tsaya ɗaukar hoto ko sayen kayan tsaraba. Mutane da yawa suna ajiye babban jirgi sai yamma domin a rufe yini da shi, sai iska ta taso ko wata na'ura ta yi gardama, su fita ba su hau ba. Ku sa wannan ziyara a farkon kwanakinku a Abu Dhabi, ku bar rana guda a ƙarshe wadda ba a sa mata komai ba. Hutun mako a can ya koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2022, Juma'a kuma rabin yini ake aiki, saboda haka daga Litinin zuwa Alhamis ne layi yake da ɗan sauƙi. Tikitin tsallake layi kada ku saye shi sai kun shiga kun ga jirgin yana gudu da mutane. Idan ya tsaya kuna cikin layi, ku tambayi ma'aikacin ko iska ce ko gyara ne. Ba zai faɗa muku lokaci ba domin an hana shi, amma idan kuka ga an fara sakin jirage babu kowa, buɗewa ta kusa, idan kuwa aka sallami layin gaba ɗaya, to ku tafi wani abin. Akwai kuma wata rufewar da ba ruwanta da makanikai, wato ma'aunin tsawo. Manyan jirage suna neman tsawon da yake kamawa daga santimita 120 zuwa 140, kuma ba a yin alfarma ko da yatsa ɗaya ne ya rage. Ki ari tef ɗin tela ki auna yaran uku a jikin ƙofa, ki gwada da abin da aka rubuta a shafin kowane lilo, domin mai shekara 8 ya san matsayinsa tun daga gida.

A nan gida lamarin ya sha bamban. Wurare irin su Magicland na Abuja, wanda a da ake kira Wonderland, ko Hi-Impact Planet da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, waya ce hanyar da ta fi kusa ta sanin halin da suke ciki, kuma a kira da safiyar ranar a ambaci lilon da suna. Idan akwai ɗan'uwa a garin, ya leƙa kwana ɗaya kafin ku taso, domin tafiya daga Sakkwato zuwa Abuja ba abar yi a kan zato ba ce. Galibi ana biyan kuɗin ƙofa dabam, kuɗin kowane lilo dabam, to kafin a karɓi na ƙofa ki tambayi waɗanda suke aiki yau, in ya yiwu maigida ya shiga shi kaɗai ya gani. Gyara yana daɗewa a ƙasarmu saboda kayan daga waje suke zuwa da dala, ga kuɗin man janareta, ga ƙurar hunturu da take shiga boris ta gauraya da giris ta koma kamar yashin goge ƙarfe. Ranar sallah da washegarinta su ne mafi munin lokaci, injina suna aiki daga hantsi har dare ba hutu, kuma a lokacin ne suka fi tsayawa.

Gaskiya ma, a gida lilon da aka rufe ba shi yake tayar mini da hankali ba, wanda ba a taɓa rufewa ba shi ne abin tsoro, musamman irin na tafi-da-gidanka da ake kafawa a fili da sallah a kwashe bayan mako guda. Kafin ki ɗora yaro, ki tsaya ki kalli zagaye biyu ko uku. Ki duba ko an ɗaure bel ɗin kujera da igiya ko tsumma, ko an soka ƙusa ko guntun waya a ramin da ya kamata a ce noti ne, ko sabon fenti ya kumbura saboda tsatsar da ke ƙarƙashinsa, ko ƙafafun injin suna zaune a kan tubalan da suke motsi, ko wayar wuta tana kwance tsirara inda yara suke takawa. Ki saurari ƙara: gunji mai tafiya daidai ba komai ba ne, amma ƙwanƙwasa mai dawowa a wuri ɗaya kowane zagaye alama ce ta abin da ya saki. Ki kalli mai kunnawa ko yana bin kujeru yana jan maƙalli da hannunsa, ko kuwa idonsa yana kan wayarsa. Da zafin Afrilu da Mayu kuma ki taɓa ƙarfen kujerar da bayan hannunki tukuna.

Idan kun yi duk wannan kuma jirgin ya ƙi buɗewa har ranarku ta ƙarshe, ku je ofishin kula da baƙi da ke kusa da ƙofa kafin ku fita, da tikiti da kwafin imel ɗin da suka amsa miki, maigida ya yi bayani cikin natsuwa cewa daga Nijeriya kuka zo kuma kun tambaya tun da wuri. Ba dole ba ne su ba ku komai, amma ma'aikatan wannan ofishi sukan sami ikon ba da tikitin dawowa ko na tsallake layi, kuma takardar da ke hannunku ita ce take bambanta ku da mai ƙorafin baki kawai. Shi kuma yaron, tun yanzu ki gaya masa cewa a 2024 akwai waɗanda suka zo daga nesa suka tarar da jirgin a rufe, ki sa shi ya zaɓi abu uku da yake so maimakon ɗaya, a wurare biyu dabam-dabam. A Ferrari World ɗin ma akwai Flying Aces, a Motiongate na Dubai kuma akwai wasu jiragen. Ƙannensa ba su da wannan damuwa sosai, domin Legoland ta Dubai an gina ta ne saboda yara 'yan shekara 2 zuwa 12, kuma ƙananan liloli da motoci da jiragen ruwan da ke cikinta suna da yawan da ba a rufe su duka a rana ɗaya.